Yadda za ka zaga tsohon garin Jidda da ƙafa, ka ga gari ka kuma ci abinci

Mu dai Jidda a wajenmu filin jirgi ce da kasuwa, shi ke nan. Ka sauka, a zuba ku a bas sai Makka ko Madina, in an tashi dawowa kuma a tsaya a ɗan yi cikon tsaraba, jallabiya da abaya da turare da bargo, a ɗaure kaya a auna a wuce. Na san mutanen da suka yi Kano-Jidda ya fi sau goma, sun san kowane shago a Bab Sharif har da sunan yaran shagon, amma ba su taɓa ɗaga kai sun kalli gidan da ke saman shagon ba, alhali wannan unguwar da suke ta cinikin a gefenta, wadda ake ce wa Balad, UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya tun 2014. Ni ma haka nake har sai da wani zuwa umara jirginmu ya yi jinkiri muka samu yini guda babu abin yi. Tun daga nan nake ce wa duk mai tafiya ya ware yamma ɗaya, ya bar jakar sayayya a masauki, ya je da ƙafarsa da cikinsa kawai.

Maganar barin sayayyar nan da gaske nake fa. In ka haɗa yawo da ciniki to cinikin ne zai ci, kana shiga layi na biyu za ka ga wata sallaya mai laushi, kafin ka ankara hannu biyu duk leda, gumi na zuba, Hajiya na cewa a koma mota. A raba musu rana.

Lokaci shi ne abu na farko. Kar ka je da rana tsaka, wallahi na gwada, na sauka wajen sha biyu da rabi da wani sabon takalmi sau-ciki da na saya a Makka, zafin Jidda kuma ba irin namu ba ne busasshe, ranar Sakkwato ce aka haɗa ta da gumin Legas, ga shaguna duk a rufe, ba kowa a layin sai ni da maguna, su kam Balad tasu ce, ko ina ka juya suna kwance a bakin ƙofa. Awa ɗaya ban yi ba ƙafa ta tashi. Garin yana farkawa ne bayan la'asar, ya yi ta cika har tsakar dare. Saboda haka ka yi la'asar ka fito, ka samu sauran haske na ganin gine-gine da ɗaukar hoto, magariba ta same ka a ciki, cin abinci kuma bayan isha. Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar ta fi daɗi nesa ba kusa ba. Ranar Juma'a da safe kar ma ka soma. In kuma umarar azumi ka je to ka yi sa'a, don Balad ta azumi wata duniya ce, bayan tarawi ake baza tebura a kan layi har kusan sahur.

Takalmi wanda ƙafa ta saba da shi, ruwan gora ɗaya, waya da caji, da 'yan canjin riyal ƙanana a aljihu, don duk da yawancin shaguna na karɓar kati, mai tura baro da mai tebur wani lokacin sun fi son kuɗi a hannu. Ka riƙe shaidar bizarka a waya ko a takarda. Mai bizar umara yanzu yana iya yawo a garuruwan ƙasar, amma in aikin hajji ka je kar ka sulale kai kaɗai, ka fara magana da jami'an alhazanku. Daga Makka tafiyar kilomita 80 ce ko kusa da haka, akwai mota akwai kuma jirgin ƙasa na Haramain da ya fara aiki a 2018, in shi ka hau ka sauka a tashar Sulaimaniyya, daga nan ka kira Careem ko Uber ko tasi.

Abin da za ka ce wa direba: Maidanul Bai'a, ko Bab Jadid. In ka ce masa Balad kawai zai iya ajiye ka ta ɓangaren manyan shaguna da benaye na zamani ka yi ta neman tsohon gari ba ka gani. Bab Jadid ƙofar arewa ce, daga ita sai ka gangaro kudu, mota ba ta shiga cikin lungunan, akwai dai 'yan ƙananan motocin lantarki da ke ɗaukar mutane, in kana tare da tsoho ko mai ciwon gwiwa ka tambaya.

Kafin ka shiga, tsaya ka gane inda kake. Wannan garin Sayyidina Usmanu ɗan Affan ne ya mai da shi tashar jirgin ruwa ta Makka a shekara ta 26 bayan hijira, wato 647, kafin nan Shu'aiba ake sauka. Tun daga lokacin yawancin alhazan da suka zo ta Bahar Maliya nan suke fara taka ƙasa. Da can garin ganuwa gare shi kamar Kano ko Zariya, an gina ta wajajen 1509 zamanin sarkin Masar Ƙansuh al-Guri saboda tsoron Turawan Fotugal, kuma sun zo ɗin da jiragensu a 1517 aka kora su. A 1947 aka rushe ganuwar don gari ya samu wajen faɗaɗa, ƙofofin da kake gani yanzu, Bab Makka da Bab Jadid da Bab Sharif, alama ce ta inda take da. Cikin ganuwar unguwa huɗu ce: Haratus Sham a arewa, Haratul Mazlum a tsakiya, Haratul Yaman a kudu, sai Haratul Bahar ta bakin teku. Duk ɗan wuri ne, in da miƙewa za ka yi ba tsayawa rabin awa ya isa ka ratsa shi, tsaye-tsayen ne ke cin lokaci.

To kana shiga Haratus Sham ka ɗaga kai. Abin kallon Jidda a sama yake. Gidaje ne hawa huɗu, biyar, wasu har shida, an gina su da dutsen murjani da ake haƙowa a bakin teku, su suna ce masa mangabi, aka haɗa da taɓon tafkin Arba'in da ke nan arewa da garin. Matsa kusa da bangon da filastarsa ta ɓare ka duba da kyau, za ka ga dutsen duk 'yan ramuka kamar soso, wani wajen har da ɓawon katantanwar teku a maƙale ciki, kuma bayan kowane 'yan layuka na dutse an shimfiɗa katako a kwance cikin bangon, shi ke riƙe ginin don dutsen ba shi da ƙarfi sosai. Duk da haka za ka ga wasu gidajen sun karkata kamar tsoho mai sanda, an tokare su da ƙarafa, wasu an lulluɓe ana gyara. Kar ka shiga wanda aka killace.

Sai tagogin, waɗanda su ne ainihin kwalliyar garin. Rawashin ake kiransu, ɗaya roshan. Wani akwatin katako ne da ya turo waje daga jikin bango, an sassaƙa shi raga-raga, wani tun daga hawa na ɗaya har ƙololuwa a haɗe, kore ko shuɗi ko ruwan ƙasa. Jidda ba ta da daji, katakon daga Indiya da tsibiran Jawa jiragen ruwa suka riƙa kawowa, girman roshan ɗin gida shi ke nuna nauyin aljihun mai gidan. Aikinsa uku: ya tare rana, ya shigo da iskar teku, matan gida kuma su zauna a ciki su ga duk abin da ke faruwa a layi ba wanda ya gan su. A nan ma ake jera tulunan ruwa iska ta riƙa bugunsu su yi sanyi, dabarar randar kakanninmu dai. Yawancin manyan gidajen nan na attajiran ƙarni na 19 ne, musamman bayan an buɗe mashigin Suwes a 1869 jiragen tururi suka fara zirga-zirga kuɗi ya shigo garin. Gidan Sharbatli na nan kusa da ƙofar, ya taɓa zama ofishin jakadancin Masar, akwai gidan Ba'ishin, can ciki kuma gidan Nur Wali mai koren katako dogo. Ba sai ka haddace sunaye ba, akwai alluna a jikinsu da Larabci da Turanci, wanda ka samu a buɗe ka shiga, wasu kyauta wasu da ɗan tikiti.

Ka lissafa tafiyarka yadda kiran magariba zai same ka a Haratul Mazlum, don nan masallacin Shafi'i yake, ɗaya daga cikin mafiya tsufa a garin, hasumiyarsa kaɗai ta haura shekara 700. Ƙasan masallacin ya fi titi zurfi, sai ka ɗan gangara, saboda ƙasar layin ce ta yi ta taruwa tana hawa shekara da shekaru. Ciki fili ne a buɗe sama, da ginshiƙai da rufin katako, ba ƙyale-ƙyale, kuma in an tayar da salla ka dubi sahun: ɗan Yaman, ɗan Pakistan, ɗan Indonesiya, Basudane, da wani da ko bai yi magana ba ka san daga gida yake. Sunan unguwar ma da labarinsa, wai wani malami Abdulkarim al-Barzanji ne hukumar Turkawa ta kashe a nan, mutanen gari suka ce zaluntarsa aka yi, sunan ya bi wajen.

Daga masallaci ka bi 'yan lungunan kasuwa kudu har ka faɗa Suƙul Alawi. Ba za ka ɓata ba, hancinka zai kai ka, ƙamshin turaren wuta da kanumfari da citta da gahawa da hel ne ke tashi. In ma ka ɓata ba komai, ka ce wa kowa "Baitu Nasif?" zai nuna maka da hannu.

Gidan Nasif shi ne wanda in ma guda ɗaya za ka shiga to shi ne. An fara gininsa a 1872 aka gama a 1881, na Umar Nasif ne, babban attajiri kuma wakilin Sharifin Makka a Jidda, ɗakunansa sun haura 100. Lokacin da Sarki Abdul'aziz ya karɓi Jidda a ƙarshen 1925 a wannan gidan ya sauka, nan ya riƙa ganin baƙi da jakadu. Matattakalar benen faɗi gare ta kuma ba ta da tsayi, kana hawa kamar kana tafiya a kan tudu, ana cewa da gangan aka yi ta haka don raƙumi ya iya hawa da kaya har madafar da ke sama. Amma ni abin da ya fi ba ni dariya bishiyar ƙofar gidan ce. Darbejiya ce. Dogon yaro dai, wannan da ke bakin kowace firamare a garinmu ko akuya ba ta kula ta. A Jidda ta da, da ruwan sha ma sai an saya, ita ce ake cewa bishiya ɗaya tilo a cikin gari, har masu aiko wasiƙa kan rubuta "gidan da ke da bishiya" kuma ta iso. Tana nan har yau, zauna a gindinta ka huta. Matsalar ruwan nan ce ta sa tun 1907 aka kafa injin tace ruwan teku a garin, wanda mutanen Jidda ke kira kindasa. Lokutan buɗe gidan suna canzawa, in ka tarar a rufe kar ranka ya ɓaci, gabansa ma abin kallo ne. Masallacin Mi'imar na nan 'yan taku kaɗan, ka yi isha a can.

Yanzu sai ciki. Shawarata kar ka zauna waje ɗaya ka ci ka ƙoshi, ka riƙa tsinta kaɗan-kaɗan, in ku biyu ne ko uku ku sayi ɗaya ku raba. Fara da balila. Wani wake ne mai kama da gurjiya ake dafawa ya yi luguf, a zuba a ɗan kofi da romonsa, a sa yankakken kokwamba mai tsami da ruwan kal da garin yaji, masu sayarwa da rawani da 'yar shara suna ta waƙar talla. Tsami-tsami yaji-yaji, yana buɗe ciki. Daga nan kibda, wato hanta, a kan faffaɗan faranti na ƙarfe ake soya ta a gabanka da albasa da tumatir da tattasai, mai suyar na ta buga wuƙaƙe biyu kamar makaɗi, a tura maka a burodi. Da azumi layin masu kibdar nan hayaƙi kawai ke tashi.

Ka miƙe gabas ta cikin Alawi har Bab Makka, nan ne cin abincin talaka yake. Nemi mutabbaƙ: ƙullu ne ake murzawa ya yi siriri kamar takarda, a zuba ƙwai da niƙaƙƙen nama da ganyen albasa, a ninke shi kusurwa huɗu a soya a yanka, a ba ka da lemon tsami da ɗanyen barkono. Akwai na zaƙi da ayaba ko cuku. Yawanci mai mutabbaƙ shi ne mai ma'asub, shi kuma gurasa ce ake dakawa da ayaba, a zuba zuma da kirim ko man shanu, nauyi gare shi ba wasa ba, in ka cinye kwano ɗaya kai kaɗai yawo ya ƙare sai barci. Ful da tamis kuwa duk wanda ya yi Makka ya san su, amma ka tsaya ka kalli yadda mutumin Afganistan ke manna tamis ɗin a cikin tanderu ya zaro shi da ƙugiya, ka karɓa da zafinsa. Abin kora kuma sobiya, fara ko ja, da sha'ir ko burodi ake yinta da kirfa da hel, mai sanyi ƙarara, tana ɗan tuna min da kunun zaƙi. Ko ruwan rake, ko shayin Adan mai madara.

Kifi fa? Ai garin teku ne. Abincinsu na asali sayadiyya, shinkafa ce da ake dafawa da albasar da aka soya har ta yi duhu, ta fito ruwan ƙasa, a ɗora soyayyen kifi, najil ko hamur ko harid, a kawo miyar tsamiya da suke ce wa humar da wani markaɗen tumatir da barkono mai suna duggus. Akwai gidajen kifi a cikin Balad ɗin. In kuma kana da wata safiyar, babbar kasuwar kifi da ake kira Bangala tana yamma ta bakin ruwa, ka zaɓi kifinka, a gyara maka a can, ka kai a soya ko a gasa. Wannan fita ce ta daban, kar ka cusa ta cikin yammar nan.

Na san wani zai ce ina Albaik. Eh a Jidda aka kafa shi a 1974, kuma ba na musu yana da daɗi, amma wanda ka ci a Makka shi ne dai a nan, ka bar wa cikinka wajen abin da ba ka taɓa ci ba.

Wani abu da ya kamata Bahaushe ya sani yana taka lungunan nan: kakanninmu sun rigaye mu. Kafin jirgin sama, mutum zai bar Kano ko Katsina ko Damagaram a ƙafa ko kan jaki, ya ratsa Barno da Chadi da Sudan, ya yi shekaru yana noma yana ƙwadago a hanya, ya kai Sawakin ko Bur Sudan, sannan ya hau jirgin ruwa ya tsallako nan. Da yawa ba su koma ba, su ne asalin Takari, kuma jikokinsu ne kake jin Hausawi da Fallata da Barnawi a ƙarshen sunansu, irin su Usama Hausawi da ya riƙe kyaftin ɗin Saudiyya a gasar kofin duniya ta 2018. Har abincinmu ya zama nasu, akwai wani gasasshen nama da garin ƙuli da yaji da mutanen Makka da Jidda ke ji da shi suna kiransa sire, kai da jin sunan ka san tsire ne ya yi hijira. In ka ci karo da shi ka saya ka gwada da na gida. Sai dai wanda ya daɗe bai zo ba ya sani, unguwannin kudu da mutanenmu suka fi zama, irin su Karantina da Sabil, an rushe su a aikin da aka yi wajajen 2022, kar ka ɗauki tasi ka ce za ka nemo wani gida da ka sani shekara goma baya ba tare da ka kira waya ba.

Mutane za su ce maka ka je kabarin Nana Hauwa'u. Maƙabartar na nan arewa maso gabas da Balad, ba nisa daga Maidanul Bai'a, har wasu na cewa sunan garin daga jadda ya fito wato kaka. Labari ne na baka da aka gada, ginin da ke kan wajen an rushe shi tun 1928, yanzu katanga ce da ƙofa da kaburbura ba suna. Wucewa ta gabanta a mota ya wadatar.

Hoto kuma ka ɗauki gini son ranka, amma kar ka saita waya kan mata ko askar, mai shago ma ka ce masa "mumkin sura?" tukuna, yawanci murmushi zai yi ya gyara tsayuwa. Hajiya in tare kuke ba wata matsala, mata na yawonsu har dare, masallatan ma akwai ɓangarensu.

In ƙafa ba ta gaji ba ka juyo yamma ta Alawi, ka tsallaka Shari'uz Zahab ka shiga layin Gabil, tsohon layin 'yan canji da masu gwal, daga ƙarshensa ka fita babban titin Sarki Abdul'aziz inda samun mota ya fi sauƙi. Mai komawa Makka a jirgin ƙasa ya yanki tikitin dawowa tun da rana a waya, na dare kan cika musamman ƙarshen mako. Mai jirgi a daren kuma ya duba takardarsa da kyau ya ga wace tasha ce, don filin jirgin Jidda tashoshinsa a rarrabe suke da nisa tsakaninsu, ta alhazai daban sabuwar daban, ga titin Madina da cunkoso bayan isha, ka ba kanka awa ɗaya ta hanya ko fiye.